Feshi ko barin gizo-gizo: wanne ya fi a ɗaki?

Tun da damina ta kankama a Garwa maƙwabta ke ta tambayata, su yi feshin maganin sauro ne ko su ƙyale gizo-gizo ya yi aikinsa na cin sauron?

Wajen kuɗi babu gardama. Gwangwanin feshi sefa yake ci, kuma nan da nan ya ƙare. Gizo-gizo kyauta yake aiki.

Sauri kuwa na feshi ne. Ka rufe ƙofa ka fesa, kafin a idar da Isha'i sauro ya zube. Sai dai ba ya zaɓe, yakan haɗa har da mai cin sauron, ga warin da ke tayar wa mai asma ciwonsa.

Gizo-gizo a hankali yake, amma gwani ne. Ba shi da hanci, da ƙafafunsa yake jin wari. Akwai wani ƙarami mai tsalle, Evarcha culicivora, a gaɓar Tafkin Biktoriya wajen Kenya da Uganda, da ke bin ƙanshin macen sauron da ta sha jini. Har warin safar da mutum ya cire yana jansa! Wannan can yake. Namu na lungu mai saƙa, motsin yanarsa yake jira. A yanar da ke bayan randarmu na ƙirga gawar sauro har na gaji, shi ya sa na hana yara kai mata tsintsiya.

Ɗakin da jariri ko mai juna biyu ke kwana, feshi ya fi dacewa, a fitar da su tukuna, a kuma ɗaura gidan sauro. Zaure, rumfa da ɗakin ajiya kuwa, a bar wa gizo-gizo.