Sarƙa, Igiya ko Winci: Abin da Mai Babbar Mota Zai Duba Kafin Ya Sayi Kayan Fita Daga Taɓo

Daga Yuli zuwa Satumba, musamman a watan Agusta da ƙasa ke ƙoshi da ruwa, tifofin da ke ɗebo yashi a kewayen Katsina da manyan motocin da ke shiga ƙauyukan Daura da Mai'aduwa ɗaukar hatsi da dabbobi sukan kafe da zarar sun sauka daga kwalta. Rairayin tudu yana da sauƙin sha'ani, amma lakar fadama tana riƙe taya da aksil, kuma ita ce ke nuna ko kayan da aka saya na aiki ne ko na ado.

Kafin a tambayi farashi, a fara da lissafin nauyi. Ƙa'idar da masu aikin janye motoci ke bi ita ce, motar da ta nutse zuwa tsakiyar taya tana buƙatar ƙarfin ja kusan daidai da nauyinta. Idan laka ta rufe tayoyin gaba ɗaya sai a ninka biyu, idan kuwa ta kai ga bodi sai a ninka uku. Ke nan tifa mai taya goma da ta kai tan 30 da kayanta tana iya neman ƙarfin tan 60 kafin ta motsa. Wannan ne ya sa juye lodin ya fi kowane kayan aiki arha, ko da direba zai ji zafin sake biyan 'yan lodi.

Sarƙa ita ce aka fi sani, kuma ita ce aka fi yin kuskure wajen sayenta. Mai daraja ta 80 tana ɗauke da hatimin 8 ko 80 a jikin zobbanta, kuma nauyin da aka yarda ta yi aiki da shi tan 5.3 ne ga mai kaurin milimita 13, tan 8 ga mai 16, tan 12.5 ga mai 20. Wadda ba ta da hatimi, ko wadda mai walda ya taɓa haɗa zobenta, ta ɗaure kaya ce kawai, komai ƙyallinta. Sarƙa tana jure gogar dutse da ƙarfe, ba ta damu da zafin rana ba, amma ba ta miƙewa ko kaɗan. Idan motar da ke ja ta ɗauko gudu ta fizga, duk ƙarfin zai sauka a kan zobe ɗaya ko a kan shasi, kuma guntun da ya tsinke yakan fasa gilashi ya iske mutum a mazauninsa. Wanda ya zaɓi sarƙa ya zaɓi ja a hankali, da ƙaramar giya, bayan an ɗame ta sosai.

Igiyar nailan ta janye mota akasin haka take, domin tana miƙewa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sai ta tara ƙarfi ta ciro motar ba tare da girgiza shasi ba. Ba ta da nauyi, karen mota ɗaya zai iya ɗaukarta cikin laka. Aibinta shi ne rana da man dizal da kaifin ƙarfe suna cinye ta, kuma yashin da ya shiga cikin saƙarta yana yanka ta daga ciki, don haka sai an wanke, an shanya a inuwa. A kula kada a ruɗe ta da faffaɗan ɗamarar ɗaga kaya mai launi, wadda rawayarta tan 3 ce, jarta tan 5, shuɗiyarta tan 8. Wannan ba ta miƙewa sosai, ba kuma don fizga aka yi ta ba.

Winci, wato injin da ake ɗaurawa a mota mai naɗe wayar ƙarfe yana jawo ta, yana burge ido, sai dai ga mai tifa ɗaya ban ga ribarsa ba. Na lantarki mai fam 12,000, wato kimanin tan 5.4, na Hilux ne da makamantanta, kuma ƙarfin da aka rubuta a jikinsa na naɗin farko ne na waya, yana raguwa yayin da naɗin ke ƙaruwa. Babbar mota sai wincin haidirolik da ke karɓar ƙarfi daga giyabos, shi ma sai ya sami abin kamawa, alhali a mafi yawan gonakinmu ba a samun bishiyar da za ta riƙe tan 30 a daidai inda ake so. Mai motoci da yawa da ke bin hanya ɗaya yana iya ɗora shi a kan guda ta riƙa ceto sauran. Ga wanda ba haka ba, ware kuɗin hayar janwe ko katafila sau ɗaya ko biyu a damina ya fi sauƙi.

Shawarata ga mai mota ɗaya ita ce sarƙa mai hatimi wadda ba ta gaza milimita 16 ba, a riɓanya ta idan kafewar ta yi zurfi, da shebur biyu, da jak mai ƙarfi tare da faffaɗan katakon da zai zauna a kai, da wasu katakai masu kauri na shimfiɗawa gaban taya. Ko a Katsina aka saya ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a nemi ganin hatimin da ido, a kuma duba maɗaurin ƙarfen da ke haɗa sarƙar da mota, domin shi ma ana buga nauyinsa a jikinsa, kuma bai kamata ya gaza na sarƙar ba. A ɗaura a ƙugiyar ja da kamfani ya kafa a shasi, ba a bamba ko sifirin ba, sannan a kori 'yan kallo su yi nisan da ya wuce tsawon sarƙar kafin a taka totur.