Boris ɗin Tayar Gaba: Wanne Za Ka Iya Canzawa da Kanka, Wanne Sai an Kai Fires?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce Corolla ɗinka ta 2005 ta fara wani gunji daga gaba idan ka ɗan ƙara gudu, bakanike ya ce boris ne, wato ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki da taya ke juyawa a kansa, kai kuma kana so ka sani ko aikin da za ka iya yi da hannunka ne a gida. Wani ya amsa maka cewa shi ya canza na RAV4 ɗinsa a ƙofar gida ba tare da ya je gareji ba. Gaskiya ya faɗa, amma motarsa da taka ba iri ɗaya ne boris ɗinsu ba, kuma a nan amsar take.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar boris ɗin ne. Kukansa gunji ne da ke ƙaruwa da gudun mota, ba ruwansa da ƙarar inji. A hanya mai kyau wadda ba cunkoso, ka ɗan karkata sitiyari hagu sannan dama. Idan ka karkata hagu nauyin mota yana komawa kan tayoyin dama, don haka in gunjin ya ƙaru a lokacin, galibi na dama ne ya mutu. Na ce galibi, domin wani lokaci yana yaudara. Taya da ta cinye ba daidai ba ita ma tana irin wannan kuka, sai ka musanya tayoyin gaba da na baya ka saurara: in kukan ya koma baya, taya ce. In kuwa ƙas-ƙas-ƙas kake ji lokacin da ka murɗe sitiyari gaba ɗaya za ka yi kwana, wannan shaf ne, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Sannan ka ɗaga motar, ka kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga. Ka ɗora tafin hannu a kan sifirin ɗin shokoziba, wani ya juya maka tayar. Boris da ya lalace za ka ji gurzarsa a tafin hannunka ko da kunnenka bai ji komai ba.

To, ga iri biyun. Na RAV4 daga 2006 zuwa sama, da na Golf 5, boris ne da ya zo a haɗe da hob, wato farantin da ake ɗaure taya a jikinsa, abu ɗaya dunƙule, ana ɗaure shi da kusoshi daga bayan nokul, ƙarfen da boris ke zaune a cikinsa a bayan taya. A RAV4 kusoshi huɗu ne. Ka kwance su, tsohon ya fito, ka ɗaura sabo. Na Corolla daga 2003 zuwa 2008, da Camry ta 2002 zuwa 2011, da Accord ta 2003 zuwa 2007, da Golf 3 da direbobin haya suka fi sani, duk boris ne shi kaɗai, wanda aka matsa da ƙarfi a cikin ramin nokul, aka tsare shi da zoben ƙarfe, sannan aka matsa hob a cikinsa. Ba kusa ce ke riƙe da shi ba, matsi ne. Shi ya sa fitarsa da shigarsa suke buƙatar injin matsi, fires, irin mai tan 12 ko tan 20 da ake gani a wasu gareji.

Farkon aikin duk ɗaya ne. Za ka cire taya, ka kwance babban notin shaf, ka cire kalifa, wato abin da ke matse diski in an taka birki, da diskin birkin. Kalifar nan ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana reto a kan tiyon man birki. Kuma don Allah kada ka dogara da jak ɗin da ya zo da motar. An yi shi ne don canjin taya na ɗan lokaci, kai kuwa za ka yi ta jijjiga motar da doguwar sifana. Ka samu ƙafar ƙarfe ta tokare mota, ka sa dutse a tayoyin baya, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar, kuma a kan siminti, ba a kan yashi ba.

Daga nan hanya ta rabu. Mai RAV4 zai tura shaf baya kaɗan, ya sa soket ta bayan nokul, ya kwance kusoshinsa. Ba lallai ya raba nokul da shokoziba ba, saboda haka saitin tayoyinsa bai motsa ba, ba ya buƙatar alaimen. Abin da kawai kan ba shi wahala shi ne tsatsa. Motocin da suka yi shekaru a arewacin Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, hob ɗinsu kan manne da nokul. A nan guduma halal ce, tunda tsohon ake duka kuma jefar da shi za a yi. Bayan ya fito a kankare ramin da burushin waya har ya yi fes, domin in tsatsa ta rage, sabon zai zauna a karkace. Kuɗin kayan ya fi yawa, amma kusan babu inda mutum zai ɓata shi. Wannan irin, duk mai haƙuri da kayan aiki zai iya yinsa a gida, kuma ina ƙarfafa masa gwiwa.

Naka sai nokul ya fito gaba ɗaya. Za ka cire sensar ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, a hankali in motar tana da ita, ka kwance tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da nokul, ka raba boljoyin, mahaɗar da ke riƙe nokul daga ƙasa, da hannun ƙasa, wanda a Corolla noti biyu ne da kusa ɗaya, sannan manyan kusoshi biyu na shokoziba. Kafin ka taɓa waɗannan biyun ka yi alama da fenti a inda nokul ya zauna. Duk da haka za ka je alaimen bayan an gama, ka sa wannan cikin lissafin kuɗinka. Tayarod kuma kada ka daki zarensa, gefen nokul ake duka sai ya saki da kansa.

Har zuwa nan aikin hannu ne, za ka iya. Matsalar tana farawa ne lokacin da nokul ke hannunka. Da farko a matso hob waje. Kusan kullum rabin zoben ciki na tsohon boris yana biyo shi, ya maƙale a wuyan hob. Ana ciro shi da abin janyewa, ko a tsaga shi da giranda a hankali, a ƙarasa da cizal, ba tare da an ji wa wuyan hob ciwo ba. Ka shafa wuyan da yatsa. In ka ji kwari ko ka ga ya yi shuɗi saboda zafi, tsohon zoben ya riƙa juyawa a kansa, hob ɗin ma sai an canza, in ba haka ba sabon boris zai yi wasa a kansa. Daga nan a cire zoben tsaro, a matso gangar tsohon boris, a wanke ramin.

Shigar da sabon shi ne wurin da ake kashe boris tun kafin ya hau titi. Boris yana da zoben waje da zoben ciki, ƙwallayen ƙarfe suna tsakani. Lokacin da ake tura shi cikin nokul, matsin ya hau kan zoben waje kaɗai. Lokacin da ake tura hob a cikinsa, dole a tokare zoben ciki daga ƙasa. In aka saɓa, duk ƙarfin zai bi ta kan ƙwallayen, su lotsa hanyar da suke gudu a kai. Ba za ka ga lotsawar da ido ba. Za a ɗaura, ka tafi kana jin shiru, ba da daɗewa ba gunji ya dawo, sai a ce maka kayan ne jabu. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa guduma ce. Na sha tsayawa ina kallon nokul a ƙasa kan rim ɗin taya, an ɗora babban soket a kan sabon boris, yaro yana sauke masa guduma, kowane duka boris ɗin na shiga a ɗan karkace ana gyara shi da duka na gaba. Wannan abin yana min ciwo, domin mai motar ya biya kuɗin kaya mai kyau kuma an lalata shi a gabansa. Ba duk makanikai ke haka ba. Akwai waɗanda ke da fires, akwai waɗanda ke ɗaukar nokul su kai wa masu injin juya ƙarfe. Su za ka nema.

Ga masu Accord da ke karanta wannan: boris ɗinku yana da maganaɗisu a fuska ɗaya, ita sensar ABS ke karantawa, kuma ita ce za ta kalli ciki, wajen shaf. In aka juya ta, wutar ABS za ta kama, kuma ciro boris bayan an matsa shi lalata shi ne. Ƙaramin kilif na ƙarfe da ake maƙale takardu da shi zai manne a fuskar da ke da maganaɗisun, a gwada kafin a matsa. Corolla ta 2005 ba ta da wannan damuwar, haƙoran da sensarta ke karantawa a jikin shaf suke.

Inda iri biyun suka sake haɗuwa shi ne babban notin shaf, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wannan notin shi ke matse zoben cikin boris daidai yadda aka ƙera shi. A Corolla ɗinka soket mai lamba 30 ne mai kusurwa 12, kuma ƙarfin ɗaurin da Toyota ta ƙayyade shi ne Nm 216. Na Camry ta 2002 zuwa 2006 ya kai Nm 294. Ka ga ko a gida ɗaya ba a yin kintace. In bai ɗauru sosai ba boris zai yi wasa ya mutu da wuri, in an sa bututu an hau da ƙafa kuma an wuce gona da iri. Ka ari sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wani ya taka maka birki, ka ɗaure shi tun motar tana sama. Kada nauyin mota ya sauka kan sabon boris kafin notin ya ɗauru, ko da turawa ce ta ɗan taku. Notin nan ana lotsa bakinsa cikin wata 'yar tsaga a jikin shaf don kada ya kwance. Wajen cirewa ka fara ɗaga lotsawar da siririn cizal, in ba haka ba zai cinye zaren shaf. Wajen mayarwa ka sa sabon noti, ka lotsa shi. Notocin taya kuma Nm 103.

Za ka iya jin wani ya ce a ɗaure notin sannan a ɗan sassauta, ko a buɗe boris a ƙara masa giris. Wannan ilimin gaskiya ne, amma na wani iri ne daban, irin boris biyu masu siffar mazurari da ke gaban tsofaffin Hiace, waɗanda ake wankewa, a cika da giris, a saita da hannu. Naka da na mai RAV4 a rufe suke tun daga masana'anta, da giris ɗinsu a ciki. Ba a buɗe su, ba a sassauta su.

Batun saye kuwa, ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, sunayen da za ka nema su ne NSK, NTN, Koyo, SKF ko FAG. Sai dai waɗannan sunayen su ne aka fi bugawa a kwalin jabu. Ka tafi da lambar shasin motarka, ka duba rubutun da ke jikin ƙarfen ko ya fito tsaf, ka juya shi a hannu ka ji ko yana tafiya sumul da ɗan nauyin giris. In farashin ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, ka ajiye. Ka sayi zoben tsaro da noti tare. A nan ma akwai bambanci tsakaninku: mai RAV4 in ya yi rashin sa'a, kusoshi huɗu zai sake kwancewa, kai kuwa nokul, fires da alaimen duk sai an maimaita. Don haka kai ka fi shi buƙatar kaya mai kyau tun farko.

Za a kuma yi maka tayin nokul ɗan Beljiyam, cikakke da hob da boris a ciki. Yana mayar da aikinka kamar na mai RAV4, ɗaurawa kawai. In nokul ɗinka ya lanƙwashe saboda rami ko an taɓa faɗaɗa raminsa da duka, wannan hanya ce mai kyau. In kuwa lafiyarsa ƙalau, ban ga dalilin sayen boris da ba ka san tafiyar da ya yi ba.

Shawarata gare ka ita ce ka raba aikin biyu. Ka cire nokul da kanka in kana da soket mai lamba 30, doguwar sifana da abin tokare mota. Ka sa shi a buhu tare da sabon boris, ka kai wurin mai fires, ka tsaya a kansa har a gama, idonka a kan inda aka ɗora matsin. Ka dawo ka ɗaura, ka auna notin. Kafin ka motsa motar ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri, sannan ka wuce alaimen. In ba ka da sifanar aunawa kuma ba inda za ka ara, ka kai motar gaba ɗaya, amma ka tambayi bakaniken tun kafin ya kwance taya: da me zai matsa boris ɗin, kuma da me zai ɗaure notin shaf. Kada ka ɗau doguwar hanya da motar kafin nan, musamman in ka ji tayar tana wasa lokacin da ka jijjiga ta.