Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Fitar da Abin da Ke Cikin Bafa?

Abin da mai rubuta manhaja da harshen C ya miƙa wa printf, wato umarnin fitar da rubutu, ba ya isa inda aka nufa nan take. Yana fara zama ne a bafa, wato ɗan wurin ajiya na wucin gadi a cikin manhajar kanta. A Linux, idan rubutun allo ya nufa, ana fitar da shi a ƙarshen kowane layi, amma da zarar an karkatar da shi zuwa fayil ko bututu (hanyar da ke kai rubutun wata manhaja ga wata), sai bafar ta cika, galibi bayit 4096, ko kuma manhajar ta kammala aiki lafiya ta hanyar exit. Wannan ne ya taɓa cinye mini kwana uku. Wata manhajata tana mutuwa a tsakiyar aiki, ni kuwa ina ta binciken wurin da layin ƙarshe na fayil ɗin rahoto ya nuna, ashe layukan da za su tona ainihin matsalar sun tafi tare da bafar. Tun daga nan ma'aunina ɗaya ne: idan manhaja ta mutu a wannan daƙiƙar, me zai rage a rubuce?

Da wannan ma'auni, zaɓina shi ne kiran fflush, umarnin da ke fitar da abin da ke cikin bafa nan take, da hannu a wuraren da mutum ya tsara da kansa. Ana barin bafa ta yi aikinta na tara ƙananan rubuce-rubuce domin rage yawan kiran write, umarnin da ke miƙa rubutu ga tsarin aiki irin su Linux, sannan a fitar da su a inda ya dace: bayan kammala wani mataki, bayan tambayar da ba ta ƙare da sabon layi ba, da kuma kafin fork, umarnin da ke raba manhaja mai gudana gida biyu, uwa da ɗa. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin fork yana kwafe bafar da duk abin da ke cikinta, sai layi ɗaya ya fito sau biyu, daga uwa da kuma daga ɗa. Kiran fflush(NULL) kafinsa yana fitar da abin da ke cikin duk bafofin rubutun da ke fita gaba ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne fflush yana ba da amsa. Idan faifai ya cika zai dawo da EOF, alamar da C ke bayarwa idan an gaza ko an kai ƙarshen fayil, kuma wanda ya duba amsar zai san labari tun kafin a yi asara.

Sauran hanyoyin ba su kai ba. Kashe bafa baki ɗaya da setvbuf yana jawo nawa a duk inda rubutu ya yi yawa. Shi std::endl na C++ yana fitarwa a kowane layi ko da buƙata ko babu. Umarnin stdbuf kuwa, mai canza tsarin bafa daga wajen manhaja, na wanda ba shi da ikon gyara manhajar ne.

Sai dai a kula, fflush iyakarsa miƙa bayanan ga tsarin aiki. Ya kare ka daga mutuwar manhaja, bai kare ka daga ɗaukewar wuta ba, domin Linux yakan riƙe bayanan a ƙwaƙwalwa har kusan daƙiƙa 30 kafin ya kai su faifai. Wanda bayanansa ba sa jure asara dole ya bi da fsync, umarnin da ke sa tsarin aiki ya kai bayanan faifai, kuma idan sabon fayil ne ko an sake masa suna, ya yi wa babban fayil ɗin (folda) da ke ɗauke da shi fsync shi ma. A macOS ma fsync kaɗai ba ya tilasta wa faifai fitar da abin da ke cikin tasa bafar, sai an nemi F_FULLFSYNC. A 2018 masu PostgreSQL, wata manhajar ajiye bayanai, sun gano cewa idan fsync ya gaza a Linux, sake kiransa yana iya cewa an yi nasara alhali bayanan sun riga sun salwanta, shi ya sa suka mayar da manhajar tana tsayawa cik a gazawar farko. Akwai kuma faifai masu arha da ke amsa cewa sun rubuta tun bayanan ba su sauka ba.

Babbar yaudara a wannan fanni ita ce fflush(stdin), wato kiran fflush a kan hanyar shigar da rubutu, wanda ake koya wa ɗalibai a matsayin maganin ragowar rubutun da scanf, umarnin karanta shigarwa, ke bari. Ƙa'idar C ba ta fayyace abin da zai faru idan an yi haka ba. Ya shahara ne domin tsofaffin kayan aikin Microsoft suna zubar da ragowar, amma daga Visual Studio 2015 ya daina yin hakan, kuma POSIX, ƙa'idar tsarukan aiki dangin Unix, ta tanadar masa ma'ana ce kawai a kan fayil ɗin da ake iya komawa baya a cikinsa. Haka nan a guji madaukin getchar, mai karanta harafi ɗaya-ɗaya, da ke jiran sabon layi ba tare da duba EOF ba, domin idan shigarwa ta ƙare zai yi ta juyawa ba tsayawa. Ni dai nakan karanta layi sukutum da fgets, in tabbatar ya ƙare da sabon layi, sannan in ciro lambar da strtol, ta yadda babu ragowar da za a nemi zubarwa.