Wata biyar da 'yar na'urar da ke ƙara a ƙarƙashin hular ɗana

Ɗana shekararsa 13, kuma shekara uku ke nan yana shiga gasar ninƙaya ta yara. Ciwonsa guda ɗaya ne, kowa a ƙungiyarsu ya san shi da shi: garaje. Da an ba da alamar tashi a tseren mita 100, sai ya faɗa ruwa kamar wanda kura ta biyo, ya yi ta saran ruwa, ya riga kowa kaiwa mita 50. Daga nan labari yake shan bamban. Hannu ya yi nauyi, ƙugu ya nutse, waɗanda ya bari a baya su zo su wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina kan benci ina ta ihun da ba ya ji. Kusan shekara guda lokacinsa na cije a minti 1 da daƙiƙa 14, ba gaba ba baya.

Kocinsu ne ya ce in nemo masa 'yar na'urar nan mai ƙidaya wa ɗan ninƙaya bugun hannu. Da ta iso sai na raina ta. Zagayayya ce, girmanta bai wuce fuskar agogon hannu ba, da ɗan allo da maɓallai uku. Ana cusa ta ƙarƙashin hular roba, daidai bayan kunne, ta riƙa yin tit, tit, tit a tazarar da aka saita mata. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta haɗuwa da waya, ba ta ajiye komai, ba ta gaya wa yaro ya yi daidai ko ya yi kuskure. Ana iya saita ta ta yi ƙara ga kowane bugun hannu, ko ta yi ƙara duk bayan daƙiƙoƙin da ake so yaro ya kai bango a cikinsu, ko a ba ta yawan bugun da ake so a minti guda. Mu tsarin farko muka fi amfani da shi, na biyun jefi-jefi, na ukun ko sau ɗaya ba mu taɓa shi ba.

Ranar farko koci bai bari an kunna ta ba ma. Cewa ya yi yaron ya yi tsawon kwamin ninƙaya ɗaya, mita 25, ya ƙidaya hannunsa. Ya fito da 22. Koci ya tsuguna a bakin ruwa ya ce masa gudu a ruwa abu biyu ne kawai: nisan da kowane bugu ya kai ka, da saurin da kake maimaita shi. Wanda ya ƙara saurin hannu amma bugunsa ya gajarta, wahalar banza ya sha. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, ba a yi masa ƙarfi-ƙarfi. Sannan ya saita na'urar a 0.90, wato ƙasa kaɗan da daƙiƙa guda tsakanin hannu da hannu, ya ce kada hannu ya shiga ruwa sai ta yi ƙara.

Na ga abin dariya ranar. Yaron ya wurga hannu, ya riga ƙarar, ya tsaya cak da hannu a miƙe yana jira, ya haɗiyi ruwa, ya ɗago yana tari. A zagaye na huɗu ya cire hular ya ce, "Baba, wannan abin ya yi sanyi da yawa, kamar tafiyar hawainiya." Koci bai ce uffan ba, ya nuna masa agogon bango. Da hannu 18 ya kai, kuma lokacin bai fi na da da komai ba sai 'yar tazara. Jikinsa ya yi sanyi, ya mayar da hular.

A nan amfanin na'urar yake, a ganina. Yaro mai shekara 13 idan ka ce masa "miƙe hannunka, ja ruwa sosai", zai ce to, ya yi tsawon kwami biyu yana tunawa, na uku hankalinsa ya tafi wani wuri. Sa'a ɗaya da rabi yana kallon baƙin layin da ke ƙasan kwami, dole zuciya ta yi yawo. Ƙarar nan ba ta barin ta. Ko ka yi daidai da ita ko ka kauce, kuma kai da kanka za ka ji ka kauce tun kafin koci ya buɗe baki. Sai ya zamana kowane atisaye yana da tambaya guda: yau a 0.88, zan iya riƙe hannu 18 har sau takwas a jere? Idan ya riƙe kwana biyu ko uku, a rage 0.02. Idan ƙidayar ta haura 20, a koma baya. Muka sayi ƙaramin littafi, kullum bayan ya fito yana ɗigar ruwa ya rubuta lambobi uku: saitin na'ura, yawan hannu, lokaci. Littafin duk ya kumbura saboda jiƙa, amma ba don shi ba da na'urar ta zama abin wasa.

Akwai wani labari da koci yake yawan ba su. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ruwa ya cika tabaran ɗan ninƙayan Amurka Michael Phelps a tseren mita 200 na salon malam-buɗe-littafi, ya daina ganin bango. Ƙidayar hannunsa ya bi har ya taɓa, ya ci zinare, ya kuma kafa tarihin duniya da 1:52.03. Mutum ba ya sanin ƙidayar hannunsa haka sai ya maimaita ta har ta zauna masa a jiki. Tun yana kusan shekara 11 har zuwa lokacin gasar yake hannun koci ɗaya, Bob Bowman. Yaran dai zinare takwas ɗin da ya kwasa a waccan gasa suke ji, koci kuwa shekarun da suka gabace su yake nufi.

Yanzu ga inda ta ba mu haushi. Maɓallan ƙanana ne, da jiƙaƙƙen hannu sai an yi ta fama, kuma sau da yawa wajen gyara hula yaron yakan danna ɗaya bai sani ba, saitin ya canza. Wata rana ya yi rabin atisaye a 0.70 yana haki, yana zaton shi ne ya lalace. Idan ta zame daga ƙashin bayan kunne, ƙarar takan ɓace a cikin hayaniyar yara ashirin da ke dukan ruwa. Ga ta da gundura: bayan minti talatin na tit-tit, ya ce kansa har sarawa yake yi. Batirin dai ya yi mana wata huɗu kafin mu canza, ba laifi, sai dai a kula da robar murfin wajen rufewa don kada ruwa ya shiga.

Babban kuskuren kuwa nawa ne, ba nata ba. A wata na biyu na ga abu yana tafiya, sai zumuɗi ya ɗebe ni. Wata Asabar da koci ba ya nan, na sauke saitin daga 0.84 zuwa 0.76 a tashi ɗaya, wai mu yi tsalle. Yaron ya bi ƙarar, amma da tsohon saran nan nasa, hannu 23, kuma washegari ya tashi da ciwon kafaɗa. Koci ya ja ni gefe ya ce, "Yallabai, kai kawo shi a kan lokaci shi ne aikinka. Maɓallin ka bar mini." Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa. Sati guda yaron ya yi yana bugun ƙafa kawai da allon riƙewa kafin kafaɗar ta saki.

Abu na biyu da littafin ya tona shi ne fashi. Lokacin jarrabawa ya yi sati uku bai shiga ruwa ba. Kafin ya tafi yana riƙe hannu 18 a 0.82. Da ya dawo, ko a 0.88 sai da ƙyar. Sati biyu da rabi ya ɗauka kafin ya koma inda yake. A da idan ya yi fashi cewa muke yi ai ba komai, zai rama. Yanzu ga shi a rubuce da hannunsa, babu gardama. Tun daga nan, ko ana jarrabawa yakan je sau biyu a sati, ko da na minti arba'in ne, maimakon sau biyar ɗin da ya saba. Ni ban tilasta masa ba.

Wanda zai saya ya sani cewa ba a shiga gasa da ita. Dokar hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda aka sauya wa suna daga FINA zuwa World Aquatics a 2022, ta hana duk wata na'ura da ke saita wa mai tsere gudunsa. Shi ya sa koci yake karɓe ta kwana biyu a sati, ya ce yaron ya ji ƙarar a kansa. Kuma ba zan ba da shawarar a saya wa yaron da bai gama koyon numfashi da kwanciya a kan ruwa ba. Wannan koci yake bukata, ƙarar za ta ƙara rikita shi ne kawai. Ta fi dacewa da wanda ya iya, yake zuwa atisaye ba fashi, amma lokacinsa ya tsaya wuri guda. A salon rigingine ma ta yi masa amfani. A salon kwaɗo kuwa bai ji daɗinta ba, mun bari.

A gasar da suka yi watan jiya, na huɗu ya juya a mita 50, har gabana ya faɗi. Sai na ga hannun bai canza ba, tsawonsa ɗaya da na farko, ya kamo mutum biyu a mita 25 na ƙarshe. Na biyu ya zo, da 1:09. Da ya fito ban samu ko rungumarsa ba, littafin ya fara tambaya. A mota ya ce mini juyawarsa a bango ce ta cinye shi, ya ga wanda ya zo na ɗaya ya fi shi nisa a ƙarƙashin ruwa, kuma doka ta yarda har mita 15, shi ko biyar ba ya kaiwa. Ranar Litinin koci ya saita na'urar a tsari na biyu, daƙiƙa 17 ga kowane tsawon kwami, ya ce ƙafarsa ta taɓa bango kafin ta yi ƙara.