Kafin ka sayi makirufon ɗaukar kiɗa a wajen taro

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya a gaban lasifika don ya naɗi mawaƙi ya san abin da yake tararwa idan ya kunna daga baya: ganga ta koma kamar ana yaga takarda, murya tana nutsewa tana tasowa. Dalilan biyu ne. A wajen kiɗan da aka haɗa manyan lasifiku, ƙara kan kai desibel 100 zuwa 110, wani lokaci ta wuce idan kana kusa da dandamali, ƙaramin makirufon waya kuwa don magana aka yi shi. Na biyu, waya tana daidaita ƙarfin sauti da kanta, ganga ta buga ta rage, wuri ya yi shiru ta ƙara. Kayan da za ka saya, aikinsu su magance waɗannan biyun. Don haka lambar da za ka fara dubawa a jikin kwali ita ce iyakar ƙarar da makirufon zai jure, wadda ake rubutawa Max SPL, sannan ka tabbata za ka iya saita ƙarfin shigar sauti da hannunka.

Mafi sauƙi shi ne makirufon da ake jona wa waya, irin su Shure MV88+. Yana ɗaukar sitiriyo, yana jure desibel 120, kuma manhajarsa tana barinka ka kashe daidaitawar nan ta kai tsaye. Ga mai son bidiyo da sauti a fayil ɗaya ya tura nan take, ya wadatar. Sai dai wayar ce rakoda kuma ita ce kyamara, inda hoto ya fi kyau ba lallai nan sauti ya fi kyau ba, ga cin caji, ga kiran da zai iya katse aiki idan ka manta ba ka sa ta a yanayin jirgi ba.

Daga nan sai ƙaramar rakodar hannu mai makirufo biyu a ka, kuma yawancin mutane a nan ya kamata su tsaya. Biyu da aka fi kwatantawa su ne Zoom H1n da Tascam DR-05X. A ido kamar abu ɗaya ne, amma kunnuwansu sun bambanta. Makirufon H1n gicciye suke a kusurwar digiri 90, tsarin da ake kira X/Y, suna sauraren gaba suna rage abin da ke baya. Na DR-05X suna ji ta kowane ɓangare. A ɗakin da sautinsa ke da daɗi, jama'a sun natsu, mai ji ta ko'ina ya fi ba da faɗi da kaurin bes, ka ji kamar kana wurin. A zauren da amsa-kuwwa ta yi yawa ko mutane ke hira a bayanka, shi zai kwaso maka komai har da tarin na kusa da kai, a nan X/Y ya fi rufa asiri. H1n na jure desibel 120 da batir AAA biyu, DR-05X desibel 125 da AA biyu. Dukansu jikinsu roba ne mara nauyi, motsin yatsa ɗaya yana shiga cikin sauti, saboda haka a ɗora su a kan ƙaramar ƙafa, kada a riƙe. Sony PCM-A10 ta fi su ƙanƙanta, batirinta a ciki yake, kuma ana iya kunna ta daga waya ta Bluetooth, abin da ke da amfani idan ka ajiye ta a bakin dandamali ka koma kujerarka.

Sababbin rakodoji, kamar Zoom H1essential da ta fito a 2024, ana tallata su da abin da aka rubuta 32-bit float, wai ba ruwanka da saita ƙarfin sauti. Gaskiya ne fayil ɗin ba ya fashewa, idan ya yi yawa ka rage a kwamfuta, idan ya yi ƙasa ka ɗaga. Ga wanda shi ne mai kiɗan kuma shi ne mai ɗauka, wannan sauƙi ne babba. Amma idan ƙarar ta fi ƙarfin makirufon kansa, sautin ya riga ya lalace tun kafin ya isa fayil, babu bit ɗin da zai gyara shi. Mai tsohuwar rakoda ta bit 24 bai yi asara ba, ya saita yadda mafi ƙarfin bugu zai tsaya wajen -12 a ma'aunin ƙarfin sauti na rakodar lokacin gwaji, domin makaɗa kullum sun fi ƙara idan wasa ya yi zafi.

Idan kana da hanyar yin magana da mai kula da miksa, wato na'urar da ake haɗa sautin wasan a cikinta, to kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Nemi rakoda mai ramin XLR biyu, wato babban ramin jona kebul ɗin makirufo, da ke ɗaukar layi huɗu a lokaci guda: Zoom H4n Pro, Zoom H5 ko Tascam DR-40X. Layi biyu daga miksa, biyu daga makirufon rakodar. Me ya sa ba za ka wadatu da miksa kaɗai ba? Saboda mai miksa zauren yake haɗa wa sauti, kai ba ya ta taka. Abin da ke da ƙara da kansa, kamar ganguna ko jitar da ke da nata lasifika, kaɗan yake sakawa ko ma ya bar shi, sai ka samu murya fes a gaba, kiɗa can nesa, babu tafi babu rai. Makirufon ɗaki shi ke cike giɓin. Wajen haɗawa akwai aiki: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato idan kana mita 20 daga lasifika, na ɗaki zai makara da kusan kashi 58 cikin 1000 na daƙiƙa. Sai ka ja shi a manhaja irin Audacity har bugun ganga ya hau kan juna, in ba haka ba ka ji komai sau biyu. Ka kuma tabbata ramin rakodar zai karɓi ƙarfin layin miksa, wanda ya ninka na makirufo sosai, ko ka riƙe ɗan abin rage ƙarfi a jaka. Makirufon H4n Pro da na H5 suna jure desibel 140, wanda shi kaɗai dalili ne na zaɓensu ga mai bin kiɗa mai ƙara.

Akwai kuma ƙananan makirufo masu girman ƙwayar magani da ake maƙalawa a hula ko wuyan riga, a jona su da ramin milimita 3.5. Waɗanda aka yi da kan makirufo samfurin Primo EM272 shuu ɗin da ke bayan sautinsu kaɗan ne ƙwarai, sun dace da waƙar baki ko kayan kiɗan da ba a haɗa da lantarki ba. A gaban manyan lasifiku suna saurin cika, musamman da ƴar wutar da rakoda ke ba su, shi ya sa masu wannan harka ke saka ƙaramin akwatin batir mai bolt 9 a tsakani. A cikin irin waɗannan ƙanana, DPA 4061 na jure desibel 144, amma tsadarsa ta ƙwararru ce. Wahalar wannan tsari a jikinka take: ba juya kai, ba tafi, ba rera waƙa, har a tashi.

Mafi kyawun sauti a cikin duka yana wajen makirufo biyu dogaye sirara, kamar Rode M5 ko Line Audio CM4 na ƙasar Suwidin, a kan doguwar sanda sama da kawunan mutane. Tsarin ORTF, wanda gidan rediyon Faransa ya fito da shi wajen 1960, shi ne tazarar santimita 17 da kusurwar digiri 110, kuma ga ƙungiyar mawaƙa da wuya ka samu abin da ya fi shi sauƙi. Makirufon suna buƙatar wutar fantom mai bolt 48, wato wutar da ke zuwa musu ta kebul, wadda rakoda irin Zoom F3 ke bayarwa, ita kuwa wutar tana shanye batir, gara ka jona abin ajiye caji. Wannan dai ba kayan sakawa a aljihu ba ne, tunda sai da sanda da kebul da wurin kafawa.

A ganina, mai fara ɗaukar atisaye da ƙananan taruka ya sayi rakodar hannu ya kashe ragowar kuɗin a kan ƙafa, hedifon mai rufe kunne, da murfin gashi idan a waje ake wasan, domin soso ba ya tare iska mai ƙarfi. Wanda ƙungiyarsa ke wasa da miksa ya tsallake kai tsaye zuwa mai XLR, kada ya sayi ƙarama ya sake saye bayan wata uku. A ɗauka a tsarin fayil na WAV, bit 24 da kilohaz 48, wanda ke cin kusan gigabait 1 a awa na sitiriyo, katin ajiya mai gigabait 32 ya isa kwanaki. A tsaya tsakiya, kusa da inda mai miksa yake, don nan ne aka daidaita sautin, a guji bango da kusurwa inda bes ke taruwa. Kafin a danna komai a nemi izinin mawaƙan da masu wurin, musamman idan za a sa a intanet.