West System 105: yana gyara daben jirgi, amma a kula da zafin Kano

Ƙananan jiragen ruwa na faiba, irin waɗanda ake sakawa a dam kamar Tiga, da yawansu dabensu hawa uku ne: faiba sama, faiba ƙasa, filawud ko katakon balsa a tsakiya. Ruwa na shiga ne ta ramukan noti, katakon ya ruɓe, wurin ya riƙa lotsawa idan an taka. A ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba: inda ke da lafiya zai yi ƙara ƙwas, inda ya ruɓe kuwa sai dum.

Ga gyaran irin wannan daɓe, epoxy (wani ruwan gam mai ƙarfi) na West System 105 ya ci kuɗinsa. Yana kama katako gam, ba kamar rezin foliyesta mai araha ba, wanda kan saki bayan an jima. Tsada kam akwai ta, kuma galibi sai an yi oda.

Inda ake asara shi ne wajen zaɓen ruwan daskarewa, wanda ake haɗawa da 105 don ya ƙame. Lamba 205 da 206 ana haɗa awo ɗaya nasu da awo biyar na 105, 209 kuwa ɗaya da uku. Shi 205 minti 9 zuwa 12 yake bayarwa kafin haɗin ya fara ƙamewa a kofi, a zafin digiri 22. A watan Afrilu, da Kano kan kai digiri 40, kafin ka gama juyawa kofin ya ɗau zafi ya ƙame, har ya yi hayaƙi. A sayi 209, wanda ya fi jinkirin ƙamewa, ko 206 idan lokacin hunturu ne. A dama kaɗan-kaɗan, a juye cikin faffaɗan faranti, a yi aikin da sassafe. Kada a rage ruwan daskarewa wai don a ja lokaci, haɗin ba zai yi ƙarfi ba.

A yanke faiban sama da giranda, a kankare ruɓaɓɓen katakon har a tarar da mai kyau, a bar wurin ya bushe sarai. Epoxy ba ya kama jiƙaƙƙen itace. Sabon filawud, ko a 'Yan Katako na Na'ibawa aka saye shi, a tabbatar mai jure ruwa ne kuma kaurinsa ɗaya da na da. A shafe shi da haɗin, a kwantar da shi kan wani haɗin da aka kaurara da hodar West System mai lamba 406, a danne da buhunan yashi. Bakin yankan a fiƙe shi, faɗinsa ninki 12 na kaurin faiban, sannan a shimfiɗa sabon ƙyallen faiba.

Ramukan noti a huda su da faɗi, a cika da epoxy, in ya ƙame a sake hudawa daidai notin. A sa safar hannu, don yana jawo ƙaiƙayin fata, sannan a bi da fenti saboda rana na cinye epoxy.