Biron da ya taya mu warware tsohon bashin maigidana a Damagaram

Mata da yawa sun tambaye ni ta waya yadda muka yi da maganar bashin maigida, tunda wasu sun san halin da na shiga bara, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Biron, wato ofishin, da zan yi magana a kai ƙarami ne, ɗaki ɗaya da benci a waje, ba nisa da kasuwar Dole, wani dattijo ne ke riƙe da shi wanda ya yi shekaru yana aikin banki kafin ya yi ritaya. Ba shi ba da bashi, ba shi kuma biya ma kowa, aikinshi ya zauna da kai ya duba takardunka ya raka ka wajen masu bin ka a yi sulhu.

An ɗaura mana aure bayan babbar salla ta 2024, kuma wallahi ban san da bashin ba. Sai da maigida ya je neman rance a wata kes (ƙaramar ma'aikatar ajiya da ba da rance) don ya sayi adaidaita, suka ce mishi a'a sunanshi ya fito a kwamfuta, ya dawo gida ya kasa cin tuwo, sai da na matsa da tambaya cikin dare sannan ya buɗe baki. Ashe farkon 2023 ya ɗauki miliyon 1 a wata kes ɗin daban, yana sarin takalma da robobi daga Kano yana shigowa da su ta Matameye, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka da Najeriya a watan Agusta, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wani kayan ya maƙale can, wani ya biyo ta hanyar daji kuɗin dako ya cinye ribar, shi kuma kunya ta sa ya canza lambar waya ya daina bi ta layin da kes ɗin take. Na yi kuka, ba don kuɗin ba, don ɓoye min da ya yi wata bakwai muna kwana ɗaki ɗaya.

Kafin mu san da dattijon nan har wani yaro ya zo ma maigida da maganar wai a ba shi jika 50 yana da mutum a Yamai da zai goge sunan daga kwamfuta. Saura kaɗan in saida 'yan kunnena na zinari. Ranar farko da muka je biron na faɗa ma Baba wannan maganar (haka nake ce mishi, sa'an mahaifina ne), ya ce ɗiyata ki riƙe zinarinki, ba wanda ke iya goge shi, duk wanda ya ce miki zai goge ɓarawo ne. Nan ya yi mana bayanin da ba wanda ya taɓa yi mana: akwai ma'ajiyar bayanan masu cin bashi da ake cema BIC, ta ƙasashe 8 na UEMOA masu kashe sefa, kamfanin Creditinfo ke tafiyar da ita daga Abijan tun 2016 ƙarƙashin idon babban banki BCEAO. Bankuna da manyan kes ke aika mata labarin duk wanda ya ci bashi, ya biya kan lokaci ko ya yi latti, kuma cikin takardun da mutum ke sa ma hannu ranar karɓar kuɗi akwai wadda ya yarda a yi hakan, mu dai ba mu karantawa tunda da Faransanci ne kuma hankali na kan kuɗin. Wato ko Maraɗi ko Tawa maigida ya je neman rance abin da za su gani kenan.

Abin da ya fi burge ni da aikinshi shi ne kaye, wato littafin rubutu. Ya ɗauko sabon kaye ya ce ma maigida, Malam, duk wanda ke bin ka ko dala ce faɗa min, kar ka ji kunyar iyalinka, ta riga ta ji mafi nauyi. Awa biyu muna zaune. Kes tana bin jika 640 na uwar kuɗi, ga tarar latti da ta taru jika 190, wani Alhaji mai shago a Dole jika 220, abokinshi na ƙuruciya a Birni jika 150, uwar adashi jika 90. Ni na ɗauka kes ɗin ce kawai. Da ya haɗa lissafi miliyon 1 da jika 290 sai da kaina ya sara, amma kuma a karo na farko na ga iyakar abin, da can kullum jira nake wani sabon mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida.

Sai ya jera su ba bisa yawan kuɗi ba, bisa wanda zai fi cutar da mu. Kes a gaba don su ke da takarda, suna iya zuwa kotu su karɓo umarnin biya, su turo wisiye (mai zartar da umarnin kotu) ya rubuta kayan shago ko babur. Uwar adashi ta biyu duk da nata ne mafi ƙanƙanta, ya ce kuɗin mata ne talakawa kuma bakinta ya fi na kowa kaiwa nesa a unguwa. Alhaji da abokin kuwa ya ce waɗannan ba kuɗi suke jira ba tukuna, fuska suke jira, a je a gaishe su a ba da haƙuri a faɗi ranar da za a fara. Haka kuwa aka yi, abokin nan har ya yafe jika 50 da kanshi, ya ce abin da ya ɓata mishi rai canza lambar ne.

Inda na fi gode mishi kuwa, da aka je kes ɗin, ma'aikacin ya ce hanya mafi sauƙi ni in ɗauki sabon rance da sunana tunda littafina ba tabo, ina ɗinki ina ajiya wajensu shekara huɗu, a biya na maigida da shi, ko kuma in sa hannu in tsaya mishi. Na ɗauki alƙalami zan sa hannu, Baba ya ce a ba mu minti biyar. A waje ya ce min ɗiyata, yau bashin nan na mijinki ne shi kaɗai, tun kafin aurenku ya ci shi, ko a addini dukiyar mace tata ce, amma kina sa hannu ya zama naki, a dokar OHADA (dokar kasuwanci da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka) wanda ya tsaya ma wani, in an nemi mai bashin ya biya bai biya ba, ana iya zuwa kanshi a karɓi kuɗin, shi ya sa ma dokar ta ce mai tsayawa ya rubuta adadin kuɗin da hannunshi da harafi da lamba, in bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu. Ya ce ki taimaka da abin da kika ga dama daga aljihunki, amma sunan mutum ɗaya a gidan nan ya zauna da tsabta. Ban sa hannun ba. Maigida bai ji daɗi ba ranar, kwana biyu yana amsa min magana sama-sama, daga baya shi ya fara cewa gara da aka yi haka.

Sulhun da aka yi, mun ba da jika 200 a dunƙule (120 nawa ne na adashina, 80 ya saida tsohuwar firiza), suka sauke rabin tarar, sauran aka raba jika 40 kowane wata. Baba ya tsaya sai da aka rubuta aka buga hatimi, ya ce maganar baki ba ta zama shaida in aka canza ma'aikaci. Ya kuma duba ruwan da suka ɗora ko ya wuce ƙa'ida, don doka ta hana kes wuce 24 cikin 100 a shekara, namu bai wuce ba. Ni dai ruwan nan yana damuna a zuciya ta wajen addini, shi ya sa nake son mu gama mu fita.

To amma ba zan ɓoye abin da bai yi min ba. Na farko lokaci. Sau uku ina barin keken ɗinki in hau kabu-kabu daga Garin Malam in tarar da ƙofa a rufe, ya tafi jana'iza ko Mirya, ba ya ɗaga waya, yaron da ke tsaron wajen bai san komai ba. Na biyu kuɗinshi, jika 25 na buɗe dosiye da jika 5 duk rakiya, mun yi rakiya huɗu, wato jika 45, ban ce ya yi tsada ba in aka duba jika 95 da aka sauke mana, amma mutumin da ke ce mana kullum ku karɓi resi shi bai ba mu ba sai da na tambaya sau biyu. Na uku shi ya fi ci min rai, in muna zaune maigida yake kallo yana bayani, ni sai in abu ya zo kan kuɗina, alhali ni ke riƙe da kayen ni ke tuna ranar biya. Na faɗa mishi, ya ce ki yi haƙuri ɗiyata sabo ne, ya gyara kaɗan.

Maganar gyaran suna kuma, shi ya nuna mana cewa mutum na da haƙƙin ganin rahotonshi na BIC kyauta sau ɗaya a shekara, ya taya mu rubuta takardar nema. Da ya fito muka ga wani ƙaramin rance na jika 75 da maigida ya gama biya tun 2022 yana nan kamar ba a rufe ba. Allah ya taimake mu resin ƙarshe na cikin akwatin mahaifiyarshi, da shi aka rubuta ƙorafi, kuma gyaran daga wajen kes ɗin da ta aika labarin yake fitowa, sai da muka yi wata biyu muna sintiri. Shi kuma babban bashin ko mun gama ba ya ɓacewa nan take, za a ga an biya amma tarihin lattin zai zauna shekaru, Baba ya faɗa mana wannan tun ranar farko, bai yi mana alkawarin adaidaita bana ba.

Wadda za ta je, ta tafi da katin ɗan ƙasa na maigidan, da takardar rancen, da duk resin da ya rage ko ya yage, ta kuma tafi da shi mai bashin don Baba ba ya karɓar dosiye a bayan idon mutum, kuma ta je da safe kafin ƙarfe 11, ban da Alhamis ranar kasuwa. Mu yanzu mun biya wata 11, uwar adashi da abokin an sallame su, Alhaji saura jika 60, kes saura wata uku in Allah ya yarda. Ran 5 ga wata maigida ke kai kuɗin da ƙafarshi, ya kawo min resi in liƙa a kaye.